Amsata a Kan Bidiyon Mahaifiyarka

Ƙofar Jatau,
Birnin Zariya.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ka Jos ba tare da wata tangarɗa ba, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane da kuma gaggawar zuciyarka, wadda na fi jiye maka tsoro a kan sauran biyun. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya yalwata mata kabarinta, Ya ba mu haƙurin rashinta.

Na zaɓi in rubuta maka ne domin duk lokacin da muka ɗauko wannan magana baki da baki, kai sai ka ɗaga murya, ni kuma sai in tashi in tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Ba na son ka bar gida a haka.

Ga abin da ka roƙa, don kada ka ce na karkatar da shi. An ba ka aikin shugabantar ɗaukar hoto a wani dogon fim, karo na farko a rayuwarka, kuma labarin na wani saurayi ne da ya dawo gida bayan rasuwar uwarsa. Kana so in ba ka izini ka sa ɗan gajeren bidiyon nan na mahaifiyarka, wanda ka ɗauka da wayarka a tsakar gida kafin ta kwanta ciwo, ya zama abin da za a rufe fim ɗin da shi. Ka ce mini daraktar taku ta gani har ta zubar da hawaye, ta ce ba ta da wani ƙarshe da ya wuce wannan. Ka faɗi haka kana tsammanin zan ji daɗi. Abin da ni na ji shi ne ka riga ka nuna mata kafin ka tambaye ni.

Zan ba ka amsa. Amma kada ka tsallaka zuwa shafin ƙarshe kamar yadda kake yi wa duk wani rubutu da ya wuce faɗin tafin hannunka. Na shafe rayuwata a wannan sana'a da ka nace sai ka shiga, kuma akwai kurakuran da na yi waɗanda ba na so ka maimaita su da sunan sabon salo.

Lokacin da na dawo daga karatu a Turai, na dawo da takardar shaida, da ma'aunin haske rataye a wuya, da kuma tabbacin cewa duhu wata cuta ce da aka aiko ni in warkar. A fim ɗina na farko an ba mu aron wani tsohon zaure a Ƙofar Kibo, mai rufin ɗaurin guga, wato bakunan ƙasa da suka haɗu a sama, irin wanda yanzu ba a samun mai gina shi. Haske ta ƙofa kaɗai yake shiga, ya sauka a kan tabarma, sannan ya hau bakunan rufin a hankali har ya ɓace a ƙololuwa. Na shiga daga cikin rana tsaka, idona bai ga komai ba, nan take na ce a tayar da janareta a shigo da manyan fitilu. Na haska kowace kusurwa. A zamanin sai an aika da fim waje an wanke shi kafin ka ga abin da ka ɗauka, don haka na yi watanni ina alfahari da aikin da ban gani ba. Da ya dawo muka kalla, sai ga zauren ya koma kamar ɗakin jiran likita. Bakunan rufin sun ɓace gaba ɗaya, domin inuwa ce take fito da su, ni kuwa na kashe inuwar.

A lokacin ba mu daɗe da aure ba, kuma gidan na su wata ƙawar mahaifiyarka ne. Da mahaifiyarka ta ga wurin a fim ɗin sai ta juyo ta ce, "Malam, ina ne nan?"

Na ce, "Zauren su Talatu mana."

Ta ce, "To, Allah Ya sa an gaya wa babanta an sayar wa gwamnati."

Ban yi dariya ba sai bayan shekaru. Shawarata a nan gajeriya ce. Duk ɗakin da za ka ɗauka, ka riga kowa shiga, ka zauna a ƙasa ba tare da ka kunna komai ba, har idonka ya saba. Ka duba inda maginin ya sa ƙofa, ka tambayi kanka dalilinsa. Idan lallai sai ka ƙara fitila, ta zo daga ɓangaren da hasken ɗakin yake zuwa tun asali, kuma ka fara da guda ɗaya. Na ga yadda kuke aiki yanzu, motar fitilu tana riga ku isa wuri, kuna jera su don kawai an biya hayarsu.

Tunda muna kan haske, dole in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. Na kalli tallan atamfa da ka ɗauka bara. Yarinyar da ta fito a ciki na san ta, na san iyayenta, baƙa ce mai kyan fata. A tallanka ta fito kamar wadda aka turbuɗa a garin alkama. Da na yi magana ka ce, "Baba, haka kasuwa take so, a kwamfuta ake gyarawa." Gyara me? Ni ma na taɓa zaluntar baƙar fata, amma ta ɗaya gefen. Wani dattijo ya sa farar babbar riga mai aikin aska takwas, kyan ɗinkin ya ɗauke mini hankali, na auna haskena a kan rigar. Kowane zare ya fito, mutumin kuwa ya ɓace, sai idanu da haƙora a saman wuyan riga. Ka auna haskenka a kan kuncin mutum, riga ta yi yadda ta ga dama. Baƙar fata ba ambaliyar fitila take bukata ba, tana son haske mai laushi daga gefe, wanda za ta mayar maka da shi. Idan ka kasa fito da fuskar mutanenka yadda Allah Ya yi ta, ban san abin da ka je koyo ba.

Kuskure na gaba ya fi wancan tsada, ko da yake wanda bai san aikin ba ba zai gane shi a allo ba. Muna ɗaukar wurin da wata mata take samun labarin mutuwar ɗanta. Jarumar ba ƙwararriya ba ce, malamar makaranta ce da aka roƙa, amma ta wuni a gefe ita kaɗai tana tattara abin da za ta yi, ba ta ci ba, ba ta kula kowa ba. Da lokaci ya yi ta shigo a shirye, daraktan ya yi mini alama da ido in fara. Ni kuwa na hango wata 'yar inuwa a bango bayan kanta wadda ba ta gamshe ni ba. Na ɗaga hannu na ce a dakata a matsar da fitila. Aka matsar, ban gamsu ba, aka sake matsarwa. Kafin in ce na shirya, matar ta riga ta yi kukanta ta gama a tsaye a wurin, tana jiranmu. Daraktan, wanda ya girme ni kuma bai taɓa yi mini tsawa ba, ya zo kusa da kunnena ya ce, "Ranka ya daɗe, bangon ya shirya? To a kira shi ya yi mana kukan." A ƙarshe man zafi aka shafa mata a ƙasan ido. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har wasu suka yaba mini hasken, amma babu wanda ya taɓa kallon wurin nan ya ji wani abu a ƙirjinsa.

Don haka ka gama duk fitinarka kafin ɗan wasa ya shigo. Idan ya shigo a shirye, kai ma ka shirya ke nan, ko da inuwa goma ce a bango. Kai matsalarka ta sha bamban da tawa, amma tushensu ɗaya. Ni ina tsayar da mutane saboda fitila, kai kuma ba ka iya barin kyamara ta tsaya. Kullum tana kafaɗarka, tana zagaye mutum kamar ƙudan da ya ga mangwaro. Na tambaye ka dalili ka ce don a ji rai a hoton. Rai yana fuskar wanda kake ɗauka. Ka kafa kyamarar a kan ƙafafunta, ka bar shi ya yi aikinsa, idan za ka motsa kuma ya zama akwai abin da ya kira ka. Mai kallo bai biya kuɗinsa don ya san kana wurin ba.

Yanzu na zo kan wanda ya fi kusa da maganarmu, kuma ina so ka rage sauri.

Ka tashi a cikin birnin nan, ka san abin da magini yake yi idan zai hau rufin ɗaki yin yaɓe kafin damina. Ba ya taka tsani sai ya tsaya ya ɗaga murya, ko ya bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya: masu gida a kimtsa, za a hau sama. Sai ya jira. Mai wanka ta gama, wadda ta cire ɗankwali ta mayar, mai shanya abin da ba ta so a gani ta kwashe. Gidajenmu katanga ce ta raba su, sama kuwa a buɗe take, kuma abin da ya sa mace take sakewa a tsakar gidanta shi ne yardar da ta yi cewa babu wanda zai leƙo ta can ba tare da ya sanar ba. Na san wannan tun ina yaro. Na dai ɗauka cewa bai shafi mai kyamara ba.

Muna wani fim da ke bukatar a buɗe shi da hoton birni daga bisa, rufin soraye da lunguna da hayaƙin girkin safe. Na samu wani bene a Ƙofar Gayan, unguwar su mahaifiyarka, mai gidan ya ba ni izini. Ya tambaye ni ko a sanar da maƙwabta, na ce a'a. Na yi masa bayani irin na masu ilimi, cewa idan mutane suka san ana ɗauka sai su daina zama kansu, yara su taru suna ɗaga hannu. Na hau, na kafa kyamara, na ja ta a hankali daga gabas zuwa yamma. A ƙasan hoton, a wata tsakar gida, wata mata tana yi wa jaririnta wanka a kwano, da ɗaurin ƙirji, kanta babu kallabi. Na gan ta sarai. Na ma rage saurin hannuna da na zo kanta, domin ita ce ta ba hoton rai. Wajen tace fim aka tambaye ni ko a yanke, na ce wanda ya taɓa wurin nan ya taɓa ni.

Aka nuna fim ɗin a silima, daga baya ya fita a kaset ya shiga gidaje. Wata rana bayan la'asar aka yi sallama a zaurenmu, na fito na tarar da wani mutum da ban sani ba, tela ne a bakin kasuwa. Muka gaisa har da tambayar iyali. Sannan ya ce, "Malam, an ce mini mai ɗakina ta fito a fim ɗinku. Ni ban gani ba, ba na zuwa kallo. Amma abokan zamana a kasuwa duk sun gani, kowa ya ba ni labari." Ya ƙara da cewa, "Na zo ne in ji ko wani laifi muka yi muku."

Na ba shi haƙuri da duk kalmomin da na sani. Ya karɓa, ya tafi. Haƙurin bai dawo da kaset ko ɗaya ba. Matar nan ta yi shekaru ba ta shiga taron biki ko suna a unguwar, domin da ta shigo sai a fara taɓa juna, yara kuma suka laƙaba mata suna da fim ɗin. Kakanka na wajen uwa, wanda malami ne da ake jin maganarsa a unguwar, bai taɓa ce mini uffan a kai ba. Amma kafin wannan yakan tambaye ni yadda aiki yake tafiya, bayan nan bai sake ba har ya koma ga Allah. Wannan hoton kuwa shi ne mafi kyawun abin da na taɓa ɗauka, har ɗalibaina sukan roƙa in nuna musu shi, ina ƙi, suna ɗauka rowa ce.

Ka gane yanzu abin da ya sa na yi fushin da na yi ranar da ka tayar da ɗan jirgin nan naka mai kyamara a kan unguwarmu. Da furfurata mai unguwa ya aiko a kira ni, na zauna a gabansa kamar yaron da ya fasa tulu. Da na dawo na same ka kana duba hotunan kana murmushi, ka ce, "Baba, daga can sama ne fa, ba a gane fuskar kowa." Wadda take tsakar gidanta ta ji ƙugi ta ɗaga kai ta ga ido yana shawagi a kanta, ita ta gane kanta. Duk inda za ka kai kyamara, a Jos ko a ko'ina, ka ɗauke ta a matsayin mutumin da zai hau rufi. Ka sanar, ka jira a kimtsa. Idan hoton ya rasa wani abu saboda haka, ya rasa.

Saura ɗaya, kuma ba na jin daɗin rubuta shi, domin a nan kai ne ka yi daidai.

Mahaifiyarka ta sha roƙona in ɗauke ta. Ba don duniya ba, don ku da 'ya'yanku. Takan ce, "Malam, ka ɗauki 'yan kasuwa, ka ɗauki marina, ka ɗauki awaki, har ganuwa ka tsaya ka ɗauka tana zubewa. Ni sai na zama kufai tukuna?" Nakan ce rana ta yi tsaka, hasken zai yi mata kaushi, a bari sai la'asar. La'asar ta yi, baƙo ya yi sallama. Da ta dawo daga aikin Hajji ta sake magana, na ce ta rame da gajiyar hanya, ta huta tukuna. Ranar sunan ɗan ƙanwarka Hafsat ta ce yau dai ga ta da kwalliya, na ce gidan ya cika da hayaniya. Ba wai ba na so ba ne. Na riga na tsara hoton a kaina: a bakin tagar ɗakinta, da damina, bayan an ɗauke ruwa, lokacin da haske yake sauka kamar an tace shi, tana karatun Alƙur'aninta ba ta kula ni ba. Na san inda zan kafa kyamara, na san gilashin da zan sa wa kyamarar. Damina ta zo ta wuce sau da yawa. Ina da gwangwanayen fim da kaset-kaset cike da ɗaki, fuskokin mutanen da ban san sunansu ba, babu ita a ciki tana motsi ko sau ɗaya.

Kai kuwa ka shigo da rana tsaka, ka ɗaga waya, ba ka auna komai ba, ka ɗauka. Abin da ya rage ke nan a duniya na motsinta da muryarta. Ka ga ai dole abin ya ba ni haushi. Don haka ga shawarar da ban taɓa zaton zan ba wani ba: a gida kada ka jira haske. Ka ɗauki ƙanwarka da 'ya'yanta, ka ɗauki Gwaggonka tun tana iya ba da labarin gidan nan, da izininsu, a duk hasken da ka samu.

Ka sha tambayata dalilin da ya sa na ƙi kallon bidiyon, har ka ce wa Hafsat wai don kai ka ɗauka ne nake raina shi. Ba haka ba ne. Ban kalla ba, amma na ji shi. Bayan sadakar arba'in, da rana, kana nuna wa Hafsat a ɗakinka, ni kuma ina alwala a bakin rijiya. Sai na ji muryarta ta fito ta taga, tana cewa, "Kai Abba, sauke abin nan, ko ɗankwali ban ɗaura ba." Sai dariyarta. Sai kuma, "Je ka ce wa babanka tuwo zai huce." Na sake alwalar daga farko, domin na manta inda na tsaya.

To ga amsata. Ban yarda ba. Bidiyon nan ba zai shiga fim ba, ko da murya kaɗai, ko da an dusashe fuskar.

Na san abin da za ka ce, domin ka riga ka faɗa. Ka ce tana dariya lokacin da ta ce ka sauke. Haka ne. Ta yi dariya ne domin ɗanta ne a gabanta, a tsakar gidanta, inda babu wanda take kimtsawa dominsa. Waɗanda za su zauna a silima, da waɗanda za su yanko wurin su riƙa tura wa juna a waya suna rubuta abin da suka ga dama a ƙasa, ba 'ya'yanta ba ne. Macen da ba ta taɓa leƙa zaure ba mayafi ba, ba za a nuna wa duniya kanta a buɗe ba don kawai ba ta nan balle ta hana. Ka ce fim ɗin zai sa a riƙa tunawa da ita. Waɗanda suka san ta ba su manta ba, waɗanda ba su san ta ba kuma ba ita za su gani ba, za su ga uwar wani saurayi a cikin labarin wani. Abin da take bukata daga gare ka yanzu addu'a ce.

Kuma ka lura, izinin da kake nema ba ma a hannuna yake ba. An raba gadonta, kowa ya karɓi nasa, ban ga inda aka ce ni na gaji yardarta ba. Ita kaɗai ce mai wannan, kuma kai da kanka ka ɗauki amsarta. Ta ce ka sauke.

Na san wannan zai iya jawo maka matsala. Ka ce daraktar ta gina ƙarshen fim ɗin a kan bidiyon, kuma kana tsoron kada ta ga kamar ka yi mata alkawari ka saɓa, a babban aikinka na farko. Ka ɗora laifin a kaina. Ka ce mata tsohon ya kafe, duk wanda ya yi aiki da ni zai tabbatar mata haka nake. Ka roƙe ta cikin ladabi ta goge wanda ka tura mata, kuma ka tsaya ka ga ta goge. Sannan kada ka je mata hannu biyu babu komai, domin aikin mai ɗaukar hoto ne ya kawo mafita. Ku nemi dattijuwar da za ta fito a matsayin uwar, ku ba ta faifai da shinkafa ta zauna tsincewa a tsakar gida. Kada a rubuta mata abin da za ta faɗa. Ta san za a ɗauke ta a ranar, ta yarda, amma kada a gaya mata lokacin. Ka ajiye babbar kyamara, ka kashe duk fitilu, ka sallami jama'a, ka miƙa wa yaron da ke fitowa a matsayin ɗanta waya, ya shiga da rana tsaka ya tsokane ta. Idan hannunsa ya yi rawa ka bar shi. Idan bango ya ƙone da haske ka bar shi. Ka riga ka san yadda abin yake kama, ka fi kowa sani. Idan daraktar mai hankali ce za ta ga ta samu abin da take nema. Idan kuma ta ce sai dai na mahaifiyarka ko ta nemi wani, to ta nemi wani, ka dawo gida, ɗakinka yana nan. Ba za ka zama na farko da ya rasa aiki a gidan nan ba.

Akwai kuma abin da ni nake roƙo, kuma ba na so a mayar da shi abin magana. Kafin ku fara aiki, ka tura wa Hafsat bidiyon ta sa mini a wayata. Ta gaya mini ka yi wani wanda ka gyara, ka daidaita kala, ka rage rawar hannu, har ka sa masa kiɗa a ƙasa. Kiɗa, Abba. Wannan ka riƙe abinka. Ni na asalin nake so, yadda ya fito daga wayar, da rana tsakar da komai. Kada ka taɓa ko ɗigo a ciki. Hafsat ta ce za ta zauna kusa da ni mu kalla tare. Na ce mata ta nuna mini inda ake dannawa, ta fita, ta ja mini ƙofa.

Ka kula da sallarka a kan lokaci, ko da rana tana faɗuwa kuma hasken ya yi yadda kake so. Ka gaida mutanen da za ka yi aiki da su, ka san sunan kowa. Idan kun isa ka kira ƙanwarka, ita za ta gaya mini.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa ka je lafiya ka dawo lafiya. Allah Ya yi wa aikinka albarka, Ya tsare idonka da hannunka daga ɗaukar abin da za ka yi nadama. Allah Ya gafarta wa mahaifiyarka, Ya suturta ta a can kamar yadda ta suturta kanta a nan, Ya haɗa mu da ita a gidan rahama.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.